Shin Bincikar Labari Rashin Ladabi Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba ɗan Adam ji da gani da hankali, kuma zai tambaye shi a kansu ranar gobe. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata takarda wadda galibin dattawan cikinmu sun taɓa gani, ko a ƙofar masallaci, ko a tasha, ko a hannun wani bawan Allah mai kyakkyawar niyya. Ana kiranta wasiyyar Shehu Ahmad, wanda aka ce mai hidima ne a hubbaren Manzon Allah (S.A.W.) a Madina. Takardar tana cewa wannan shehi ya yi mafarki da Annabi a wani daren Juma'a, aka sanar da shi cewa mutum dubu 160 sun mutu ba a kan Musulunci ba daga Juma'a zuwa Juma'a, kuma tashin ƙiyama ya matso. Sa'an nan ta yi alkawarin arziki da gida a Aljanna ga wanda ya kwafe ta ya rarraba, ta yi barazanar talauci da rashin ceto ga wanda ya ƙaryata ta.

Wannan takarda ta girmi kakanninmu. Shehu Rashid Rida, mai mujallar Al-Manar ta Masar, wanda aka haifa a 1865, ya ambata cewa tun yana yaro mai koyon rubutu yake ganinta tana zuwa tana komawa, kuma kullum da sunan Ahmad ɗin nan. Shehu Abdul'aziz bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya rubuta risala guda yana bayyana ƙaryarta. Duk da haka ba ta mutu ba. Ta bar alƙalami da tawada ta shiga injin fotokofi, ta bar fotokofi ta shiga salula, ga ta yau a WhatsApp da Larabci da Faransanci da Hausa, kamar jiya aka yi mafarkin. Shehu Ahmad dai ya fi shekara ɗari yana mafarki a daren Juma'ar da ta wuce.

Abin tambaya a nan: me ya raya ta? Ba ƙarfin hujja ba ne, domin ba ta da ko ɗaya. Abin da ya raya ta shi ne ta toshe bakin mai tambaya tun kafin ya buɗe shi. Ta ce wanda ya yi shakka ya halaka. Sai mumini ya ga cewa yin shiru da kwafewa sun fi aminci a kan bincike, ya ce a ransa: in gaskiya ce na tsira, in ƙarya ce ban yi asarar komai ba sai kuɗin takarda. Alhali kuwa ya yi asara babba, domin ya taya wani jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba, kuma babu Musulmin da bai san girman wannan laifi ba.

To, a nan ne matsalar da muke son dubawa take. Mun taso a gidaje na kunya da girmama na gaba, kuma wannan ni'ima ce da ba mu son rabuwa da ita. Yaro ba ya musu da babba, almajiri ba ya katse malaminsa. Amma a hankali sai muka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato girmama mai magana da gaskata duk abin da ya faɗa. Har ta kai idan yaro ya ce, "Baba, wa ya faɗa?" sai a ce ya yi fitsara, ko a ce lakwal ta lalata shi. Shin haka magabata suka fahimci ladabi?

Mu duba Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu daga Damagaram zuwa Tawa. A cikinta an kawo cewa wata kaka ta zo wurin Sayyidina Abubakar tana neman gadonta. Mugira ɗan Shu'uba ya ce ya halarci lokacin da Annabi ya ba kaka sudusi. Abubakar bai zartar ba sai da ya tambaya ko akwai wani da zai tabbatar, Muhammadu ɗan Maslama ya tashi ya faɗi irin maganar. Haka nan Sayyidina Umar ya nemi Abu Musa Al'ash'ari ya kawo shaida a kan hadisin neman izinin shiga gida sau uku, Abu Sa'id Alkhudri ya zo ya shaida. Umar ya bayyana masa cewa ba tuhumarsa yake yi ba, tsoro yake ji kada mutane su riƙa faɗar magana a kan Manzon Allah ba tare da tabbaci ba. Waɗannan sahabbai ne, sun fi mu ladabi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya ɗauki tambayar a matsayin cin mutunci.

Imamu Malik kansa an ruwaito yana cewa ya riski mutum saba'in a masallacin Madina, kowannensu yana ba da hadisi, kuma da za a ba ɗayansu amanar baitulmali da ya riƙe ta, amma bai ɗauki komai daga gare su ba, saboda ba ma'abota wannan fanni ba ne. Ya kamata mu tsaya a kan wannan magana, domin a nan ne yawancin mutanen kirki suke zamewa. Idan aka ce wa mutum labarin da ya kawo ba shi da tushe, sai ya ce, "Ai Alhaji wane ne ya turo mini, kuma mutum ne mai tsoron Allah." Gaskiya ne, yana da tsoron Allah. Amma tsoron Allah ba ya mayar da mutum likita, kuma ba ya sa shi ganin abin da ya faru a garin da bai je ba. Malaman hadisi sun raba sharuɗɗa biyu: adalci, wato gaskiya da riƙon addini, da kuma kiyayewa, wato sanin abin da aka ji da isar da shi yadda yake. Wanda ya cika na farko ya rasa na biyu, ana girmama shi, ana neman addu'arsa, ba a karɓar ruwayarsa. Aliyu ɗan Madini, malamin Imamu Buhari, har mahaifinsa ya raunana a ruwaya, domin al'amarin na addini ne.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban tsoro. Ba dukan masu ƙirƙirar hadisi ne maƙiya ba. An ruwaito cewa Nuhu ɗan Abi Maryam ya ƙirƙiro hadisai a kan falalar surorin Alƙur'ani, da aka tambaye shi sai ya ce ya ga mutane sun shagala da fiƙihu da tarihin yaƙe-yaƙe, shi ne ya so ya komo da su ga Littafi. Niyya mai kyau ce a ganinsa, amma malamai ba su yi masa uzuri ba. Irin wannan uzuri ne muke ji a yau idan an ce wani hoto na ƙarya ne ko wata ƙissa ba ta faru ba: "Ai ko ba ta faru ba, tana sa tsoron Allah." Addinin da ya zo da gaskiya ba ya bukatar a tallafe shi da ƙarya. Kuma ranar da saurayi ya gano cewa ƙissar da ta sa shi kuka ƙirƙira ce, ba ita kaɗai zai jefar ba, har abin da yake sahihi zai fara kallo da shakka.

Sanin mai ba da labari rabi ne na aiki. Sauran rabin shi ne auna labarin kansa. A shekara ta 447 bayan hijira aka kawo wa wazirin halifa a Bagadaza wata takarda, aka ce Annabi ne ya sa a rubuta ta, yana ɗauke wa Yahudawan Haibara jiziya, ga kuma sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Aka nuna wa Alkhaɗibul Bagdadi. Bai nemi sanin wanda ya kawo ta ba, sunayen shaidun ya duba. Ya ga sunan Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka, shekara ta 8, alhali an ci Haibara a shekara ta 7. Ya ga sunan Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu a shekara ta 5, bayan yaƙin Handaƙ. Mutum ba ya shaida bayan mutuwarsa. Da lissafin shekaru kaɗai takarda ta faɗi.

Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya faɗaɗa wannan hanya. Ya ɗauki abin da wasu masu tarihi suka faɗa, cewa mayaƙan Bani Isra'ila tare da Annabi Musa (A.S.) sun kai dubu 600. Sai ya tambaya: wane fili ne zai ɗauki wannan runduna har sahu ya san abin da sahu yake yi? Daular Farisa, wadda ta fi su girma ƙwarai, abin da aka ce ta tara a Ƙadisiyya dubu 120 ne. Kuma tsakanin Musa da Yaƙubu iyaye ƙalilan ne, ta yaya zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka a wannan ɗan lokaci? Ya kuma lissafa dalilan da suke sa ƙarya ta shiga labari, ya sa son ra'ayi da ɓangaranci a gaba. Ma'ana, idan labari ya dace da abin da zuciya take so, sai ta karɓe shi tun daga ƙofa, ba ta tambaye shi daga ina yake ba.

Wannan shi ne ciwon da ya fi wuyar magani. Kowa gwani ne wajen gano ƙaryar da aka yi wa malaminsa ko ƙungiyarsa ko jam'iyyarsa. Nan take za ka ji ana cewa a kawo hujja, a kawo kaset ɗin gaba ɗaya, kada a yanke magana. Amma idan an yi wa abokin hamayya, sai sharuɗɗan nan duka su ɓace, daƙiƙa talatin na murya su isa a yanke wa mutum hukunci. Wanda yake bincike idan abin ya taɓa nasa, ya bar bincike idan ya taɓa na wani, bai koyi tantancewa ba, kare gida kawai ya koya.

Allah ya yi mana horo a kan wannan a wurare da dama. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurci muminai da neman tabbaci kafin su yi aiki da labari, kuma ta faɗi dalili, wato gudun cutar da mutane cikin jahilci da nadamar da za ta biyo. A Suratun Namli, Annabi Sulaimanu (A.S.) bai gaskata alhudahuda ba kuma bai ƙaryata shi ba, ya jinkirta hukunci, ya aike shi da wasiƙa don a gani. Amma darasi mafi zafi yana cikin Suratun Nur, a ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha (R.A.). Munafuki ne ya hura wutar, amma cikin waɗanda suka ɗauki maganar har da muminai na gaskiya, ɗayansu ma ya halarci Badar. Madina ta yi wata guda cikin baƙin ciki. Aya ta 15 ta siffanta su da karɓar magana da harsuna. Da kunne ake karɓar magana, ta shiga zuciya a auna ta. Su kuwa daga harshe zuwa harshe take tafiya, ba ta bi ta hankali ba. Da a yau ne, da mun ce daga yatsa zuwa yatsa.

Kada wani ya zaci wannan magana ce ta littattafai kawai. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shiga Legas, saƙo ya bazu a Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwa ta tashi ɗanta, ɗa ya buga wa uwarsa waya, kowa don ƙauna. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu a asibiti, Ebola kuwa ba ta ko kusanci garuruwansu ba. A shekarun 1996 da 1997 jita-jitar masu sace al'aurar maza ta hanyar gaisuwa ta ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma, aka kashe mutane a tituna, har da birnin Akara a watan Janairu na 1997. A wurare da yawa baƙi ne ake zargi, kuma sau da yawa Hausawa ne, fatake da ƴan ci-rani irin ƴaƴanmu. Waɗanda suka ɗauki duwatsun ba su tambayi komai ba, ihu suka ji.

Sai dai akwai wani rami a ɗaya gefen, kuma wajibi ne mu nuna shi, domin da yawa suna faɗawa ciki suna zaton wayewa ce. Wannan rami shi ne ƙaryata komai. Mutum ya ce shi ba a yaudararsa, rediyo ƙarya, likita ƙarya, hukuma ƙarya, sa'an nan ya gaskata muryar wani da bai san ko sunansa ba, don kawai muryar ta ce masa kowa yana yaudararsa. Labarin rigakafin shan inna ya ishe mu misali. A 2003 wasu jihohin arewacin Nijeriya suka dakatar da ɗigon rigakafi, saboda zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Don haka wanda ya yi tambaya a 2003 yana da haƙƙin tambaya. Amma tambaya tana da ladabinta, wato idan amsa ta zo a karɓa. Kamfani daban ne, magani daban ne, kuma ɗigon nan shi ne ake ba yara a ƙasashen Musulmi masu yawan haihuwa. Kano ba ta koma rigakafi ba sai a watan Yuli na 2004, da maganin da aka yi a Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallake iyakoki, ta taɓa ƙasarmu, ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, daga baya ta kai har Yaman da Indunusiya a 2005, inda ta nakasa ɗaruruwan yara. Sai a watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru yau magidanta ne, suna nan a cikinmu. Zargi ma labari ne, shi ma ana tambayarsa isnadi.

To, yaya ake koyar da wannan? Ba da wa'azi kaɗai ba. Yaro ba ya koyon alwala da jin bayaninta, sai ya ɗauki buta. Malamin Islamiyya zai iya ware ɗan lokaci a mako, ya kawo saƙo ɗaya daga cikin masu yawo a gari, a zauna a bi shi tare. Wa ya fara faɗa? Ya gani da idonsa, ko ji ya yi? An ambaci gari da rana da suna, ko kuwa "wani babban likita" ne a "wata ƙasa"? In hadisi ne, a wane littafi yake, a ɗauko littafin a buɗe a gaban yara. In hoto ne, a nuna musu cewa ana iya sa hoto a injin bincike na Google a ga ranar da ya fara bayyana, domin sau da yawa hoton wata tsohuwar gobara ce a wata ƙasa aka liƙa wa sabon labari. Tun 2018 WhatsApp yake sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, daga baya ya ƙara alamar wanda aka yi ta turawa sau da yawa. A koya wa yaro cewa wannan alama ma'anarta isnadin ya yanke, wanda ya turo masa ba shi ne ya gani ba. A kuma sanar da iyayenmu mata da tsofaffi, waɗanda saƙon murya ne karatunsu, cewa yanzu akwai manhajar kwamfuta mai kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, har ta sa shi faɗar abin da bai faɗa ba. "Na ji da kunnena" ta rage ƙarfi a kan yadda muka san ta.

Alama mafi sauƙin ganewa kuwa ita ce gaggawa. Duk saƙon da ya ce a tura shi yanzu, ko ya rantsar da mai karatu, ko ya yi masa barazana in ya ƙi, ɗan'uwan wasiyyar Shehu Ahmad ne. Gaskiya tana iya kwana. In labarin gaskiya ne da dare, gaskiya ne da safe, kuma kafin safiya mai yiwuwa an sami wanda ya sani a tambaye shi.

Amma duk wannan ba zai kama ba muddin manya suna jin haushin tambaya. Nauyin yana kan limamai da masu wa'azi kafin kowa, domin abin da aka faɗa a kan mumbari dubbai ne suke ɗauka zuwa gida. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma darajarsa ba ta ragu ba. Malamin da ya ce a gaban almajirai, "Ku dakata in duba," ya koyar da su abin da karatun shekara ba zai koyar ba. Wanda kuwa ya tsawata wa yaro don ya nemi madogara, ya shirya shi ne don duk mai daɗin baki da zai zo bayansa, har da masu kiran samari zuwa ga zubar da jini da sunan addini, domin su ma abin da suke fara nema shi ne kada a tambaye su.

Abin da ya rage ga yaro shi ne ya koyi lafazi. Akwai bambanci tsakanin "ƙarya ne" da "Allah gafarta Malam, a wane littafi za mu sami wannan, don mu ƙaru?" Akwai bambanci tsakanin kunyata kawu a cikin taron dangi da bin sa gida a keɓe, a gaishe shi, a ce, "Kawu, saƙon nan da ka turo, na bincika, ga abin da na samu." Idan kuma ta tabbata saƙon ba shi da tushe, sai a roƙi kawu ya koma ga duk waɗanda ya tura wa ya sanar da su, da muryarsa, a zauren da ya fara sa shi. Malaman hadisi sun kasance suna yin haka: idan mai ruwaya ya gano kuskure a abin da ya karantar, yakan tara waɗanda suka rubuta daga gare shi ya ce su gyara takardunsu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.